Fankar hita ta yi shiru? Kada a bar jaki ana dukan taiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wata ƙaramar fanka da ke ɓoye a ƙarƙashin dashbod ɗin mota, wadda ba mai tunawa da ita sai ranar da ta yi shiru. Ta sa na sayi kaya sau biyu a banza, ta cinye mini ranakun hutu uku ina kwance a ƙasan kujerar fasinja ƙafafuna a waje, kuma na tabbata akwai masu tsofaffin motoci irina da za su faɗa ramin da na faɗa idan ba a yi musu ishara ba.

Motata ta doshi shekara 30 a duniya, ba na kuma jin kunyar faɗa. Makunnin fankarta irin na da ne, na murɗawa, daga 0 zuwa 4. Wata asuba cikin sanyi na ɗauki yara zan kai su makaranta, numfashinmu ya sa gilashin gaba ya yi gumi har hanya ta fara ɓace mini. Na murɗa zuwa 1, shiru. Na kai 2, shiru. A 3 ma ko motsi. Ina kaiwa 4 sai ta taso da gurnani, takardun da ke kan dashbod suka watse a jikin yaran. Haka muka tafi: in na kunna ba ma jin maganar juna, in na kashe sai in riƙa goge gilashi da hannun riga. Duk wanda ya ɗauka hita kayan jin daɗi ce kawai, bai taɓa tuƙi gilashi a rufe ba.

Wannan alama sananniya ce, duk mai wayarin da ka faɗa wa zai ce maka rezista ce, kuma gaskiyarsa. Moton fanka gudu ɗaya ya sani, wato wanda cikakkiyar wutar batir ke ba shi. Don a rage masa gudu sai a bi da wutar ta cikin wasu naɗaɗɗun wayoyi da ke cinye wani kaso nata su mayar da shi zafi. A lamba 1 wutar na ratsa dukkan naɗin, a 2 ta tsallake ɗaya, haka har a zo lamba ta ƙarshe, inda ba ta bi ta rezistar sam, kai tsaye take zuwa moto. Shi ya sa in rezista ta ƙone sai babban gudu kaɗai ya rage. In kuma lamba 1 kaɗai ta mutu sauran suna aiki, to naɗi ɗaya ne ya tsinke. Saboda zafin da take yi ne masu ƙera mota suka cusa ta cikin hanyar iska, daf da fankar, don iskar da ke wucewa ta riƙa sanyaya ta. Yawancinsu ma akwai wani ɗan fis na zafi a jikinsu da ke yankewa in zafin ya wuce kima, don kada robar da ke kewaye ta kama da wuta.

Na je na sayo sabuwa, na cire akwatin gaban fasinja, sukurori biyu ne kacal, na sauya. Fanka ta dawo da gudunta huɗu, ni kuma ina ta jin kaina kamar wani injiniya. Mako biyar aka yi ta sake mutuwa. Na ce jabu aka sayar mini, na yi ta mita, na sayo wata. Wannan ko mako uku ba ta kai ba.

A nan ne na haƙura na je wurin wani dattijo mai wayarin, irin waɗanda ba sa gaggawar taɓa sifana. Na ce, "Baba, rezista nake so ka zaɓo mini mai ƙarko, waɗanda nake samu ba sa jimawa."

Ya ce, "Ta nawa ke nan?"

Na ce ta uku za ta zama.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To ɗana, wa ke kashe su?"

Wallahi tambayar ba ta taɓa zo mini ba. Ni dai na ga gawa na binne, na kawo wata.

Bai ko kalli rezistar ba. Ya sa yaronsa ya kwance moton fankar gaba ɗaya, sukurori uku da soket ɗaya. Da aka zaro shi sai ga abin kunya: gangar fankar, wannan mai kama da kwando da ƙananan fukafukai a kewaye, cike take da busassun ganye, da guntayen soso, da yagaggen takardu da ɓera ya tara ya yi gado. Har da wani rasit da na daɗe ina nema. Baba ya zazzage su, sannan ya sa yatsa ya kaɗa gangar. Ko rabin juyi ba ta yi ba ta tsaya cak. Ya kama ta ya girgiza gefe da gefe, muka ji ƙwas-ƙwas, sandar tana wasa a mazauninta. Ya ce lafiyayyen moto in ka kaɗa shi zai ɗan tafi sumul kafin ya tsaya, ba ya kuma rawa. Nawa bushin ɗinsa, wato zoben da sandar ke juyawa a ciki, ya bushe ya cinye.

Abin da ya bayyana mini a tsaye a wurin shi ne dalilin wannan wasiƙa. Moton da ke juyawa da ƙyar ya fi lafiyayye jan wuta, kamar yadda mai turin kaya a yashi ya fi mai turi a kwalta haki. Duk wutar nan kuwa, in ba a lamba ta ƙarshe ba, ta cikin rezista take bi. Zafin da ke taruwa a waya ba daidai da ƙaruwar wutar yake hawa ba: in wutar ta ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi. Ga shi kuma fankar ba ta hura isasshiyar iskar da za ta sanyaya rezistar, tunda gudunta ya ragu kuma ganye ya toshe ta. Duka biyu ke nan a kan abu ɗaya, an ƙara mata wuta an kuma hana ta iska. Ko ta zinare na sa, ƙonewa za ta yi.

Ya mayar da soket ɗin, ya maƙala mitarsa ta awon wuta mai baki kamar ƙaguwa a jikin waya ɗaya, ya kunna lamba 4. Irin waɗannan fankoki a babban gudu galibi tsakanin amfiya (ma'aunin yawan wutar da abu ke ja) 10 zuwa 20 suke ja. Tawa ta nuna 26, fis ɗinta kuma na 30 ne. Shi ya sa fis bai taɓa ƙonewa ya tona asirin ba, ya bar rezista tana ta biyan bashin da ba ita ta ci ba. Muka sa wani moton, muka share hanyar iskar, sannan aka sa rezista ta uku.

Tun daga ranar na sayi 'yar mita da fitilar gwaji, na kuma zama wanda 'yan'uwa ke kira in fankar motarsu ta yi gardama. Ba sana'ata ba ce, amma na koyi bin abin daki-daki, kuma tambayar farko da nake yi ba ta buƙatar ko sukundireba: iska ce babu, ko zafi ne babu? Mutane da yawa suna cewa hita ta lalace alhali fanka na hurawa lafiya lau, iskar ce kawai ke fitowa da sanyi. Wannan ba ruwan fanka. Zafin hita daga ruwan inji yake zuwa, wanda ke bi ta wata 'yar ƙaramar lagireto a cikin dashbod. In ruwan ya yi ƙasa, ko iska ta shiga bututun, ko tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi, ya maƙale a buɗe (ko wani ya cire shi ya yar, abin da ake yawan yi wa tsofaffin motoci), ko 'yar lagireton ta toshe da tsatsa, ko ƙofar da ke gauraya iska mai zafi da mai sanyi ta daina motsi, ba za a sami ɗumi ba. A bar inji ya yi zafi, a taɓa tiyo biyun da suka ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota. In ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, ruwa ba ya zagayawa. In kuma ana jin wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, gilashi na yin maiƙo, kafet ɗin gaba na jiƙewa, to 'yar lagireton ce ke yoyo. Wannan wani babi ne daban, na bar shi nan. Sai dai kada kowa ya buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

In kuwa fankar ce ta yi shiru a kowace lamba, har da ta ƙarshe, to a fara da fis, amma a tuna wasu motocin fis biyu gare su, ɗaya a cikin mota ɗaya a ƙarƙashin bonet. Kada a dogara da ido kaɗai, don fis na iya tsinkewa ta inda ba a gani. A kunna makulli a taɓa fitilar gwaji a kan ƙananan ƙarafa biyun da ke bayansa, dole ta kama a duka biyun. Launinsu ma magana yake yi: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Mai lamba irin ta wanda aka cire shi za a sa. Na sha ganin an naɗa zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli a gurbin fis, ko an sa na 40 a inda aka rubuta 25 wai don ya daina ƙonewa. Ai ruwa ba ya tsami banza. Fis ɗin da ya sake ƙonewa da zarar an sa shi yana faɗa maka ne cewa wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ko moto ya cije. In ka toshe masa baki, wayar da ke bayan dashbod ce za ta zama fis ɗin, kuma ita ba ta ƙonewa ita kaɗai.

Rile kuwa, wato ɗan makunnin da maganaɗisu ke ja ya haɗa babbar wuta zuwa moto, gwajinsa mafi sauƙi musanya ce. A akwatin fis akan sami wani iri ɗaya da shi sak, sau da yawa na hon ko na fitila. A duba lambobin da ke jikinsu sun yi daidai, a sauya musu wuri. In fanka ta tashi hon ya mutu, an kama ɓarawo. Jin ƙarar ƙyas da yake yi in an kunna ba shaida ba ce cewa lafiyarsa ƙalau, don bakin da ke haɗa babbar wutar na iya ƙonewa alhali maganaɗisun na aiki.

Akwai kuma gwajin da nake kira na mari. A kunna makulli, a sa fanka a babban gudu, a ɗan bubbuga jikin moton da ƙotar sukundireba. In ya farka ya fara juyi, to gawayin da ke gogar sandar cikinsa, wanda masu gyara ke kira burosh, ya cinye. Irin wannan motar ce za ka ji mai ita na cewa fankar ba ta tashi sai ya faɗa rami ko ya bugo ƙofa da ƙarfi. Marin ba magani ba ne, zai kai ka 'yan kwanaki ne kawai. Wanda ke son tabbaci sai ya cire soket ya ba moton wuta kai tsaye daga batir da wayoyi biyu masu kauri, da fis a tsakani. A riƙe shi da kyau, don yana fizga in ya tashi, kuma fukafukan nan suna yanka yatsa.

Sai dai darasin da ya fi ba ni mamaki a motar ƙanina na same shi, kuma saura ƙiris in maimaita wautata ta farko. Fankarsa ta mutu gaba ɗaya. Fis lafiya, rile lafiya. Na cire soket ɗin moton na sa mita a bakinsa biyu, ta nuna volt 12.4. Na ce masa, "Ka gani, wuta na zuwa, moto ne ya mutu, je ka nemo wani." Har ya juya zai tafi sai na ce bari dai in ba moton wuta kai tsaye. Ina haɗawa ya tashi da ƙarfinsa kamar sabo.

Wuta na zuwa, moto lafiya, amma in an haɗa su ba sa aiki. Na zauna a bakin ƙofar motar na rasa ta cewa. Ashe mita ba ƙarya ta yi ba, ni ne na yi mata tambayar da ba ita ba. Mitar zamani kusan ba ta jan wuta ko kaɗan in tana auna volt, don haka ko silin waya ɗaya ne ya rage a haɗe, ko mahaɗar ta cika da tsatsa, za ta nuna maka 12 cif. Kamar bututun ruwa ne da ya kusa toshewa: in famfo na rufe ƙarfin ruwan na nan daidai, sai ka buɗe ka ga ɗigo. Fanka mai neman amfiya 15 buɗe famfo ne gaba ɗaya.

Na ɗauko tsohon ƙwan babbar fitilar mota mai wat 55, wanda ke jan amfiya huɗu da wani abu, na haɗa shi a bakin soket ɗin. Maimakon ya haska fari, sai zarensa ya yi ja-ja kamar garwashin da ke shirin mutuwa. Daga nan na mayar da soket a jikin moto, na kunna fanka, na sa tsinken mita ɗaya a kan negetif ɗin batir, ɗayan a kan wayar negetif ta moton. A lafiyayyar hanya abin da za a gani bai kamata ya wuce kamar volt 0.2 ba. Na ga fiye da 9. Wato kusan duk wutar a hanyar komawa take salwanta. Muka bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta da jikin mota a bayan kafet, gefen ƙafar fasinja. Ruwan sama da ke ɗiga ta gefen gilashi shekara da shekaru ya mayar da noti da zoben wayar tsatsa zalla, har da wani kore-kore. Samfefa, ɗan giris, aka ɗaure tam. Fanka ta tashi, ba mu sayi ko allura ba.

Don haka awon da ake yi soket a cire rabin awo ne. A auna abu yana haɗe, yana kuma kunne. Wani abin da ke rikita mai koyo a nan shi ne motoci ba hanya ɗaya suke bi ba. A wasu, makunni da rezista na gaban moto, a ɓangaren fozitif. A wasu kuma, musamman yawancin na Japan, da an kunna makulli fozitif na isa moto kai tsaye, makunni da rezista suna ɓangaren negetif ne. A irin wannan, in ka ga volt 12 a duka wayoyin moton biyu yana haɗe kuma ba ya juyi, ba aljanu ba ne: wutar ta shiga ta ratsa moton ta rasa hanyar komawa, sai a nemi matsalar a makunni, ko rezista, ko inda aka ɗaure negetif.

A kuma leƙa cikin soket ɗin kansa da tocila. In robar ta narke ko ta yi baƙi, ko ƙarfen ciki ya saki ba ya cizo, to nan ma zafi ke taruwa, kuma sabon kayan da aka cusa a tsohon soket mai ƙuna ba zai daɗe ba. A yanke shi a sa wani. Haka shi ma makunnin, a motocin da ba su da rile duk wutar ta cikinsa take bi, ya kan ƙone daga ciki. In ka ji yana ɗumi a hannu ko sai ka ɗan karkata shi fanka ke kamawa, ka san inda za ka duba.

Wani ɗan abin dariya: in an sa moton da ba na ainihin motar ba aka juya wayoyinsa biyu, zai yi juyi da baya. Irin wannan ganga ko da baya take juyi tana hura iska ta hanyar da ta saba, sai dai kaɗan, ga ƙara mai yawa. Mutum sai ya yi ta zargin sabon moto da rashin ƙarfi alhali musanya waya biyu ne maganin. Motocin da ke da na'urar daidaita zafi da kanta kuwa, masu maɓalli da lambobi a allo, ba naɗin waya gare su ba, wani ɗan akwatin lantarki ne mai fukafukan alminiyam. Shi in ya lalace fanka na iya mutuwa gaba ɗaya, ko ta maƙale a babban gudu, wani lokaci har bayan an zare makulli ta shanye batir. Shi ma dai moto mai nauyin juyi na kashe shi kamar yadda yake kashe rezista.

Mai shiga ƙarƙashin dashbod ya kiyaye abu uku, kada garin gyaran gira a rasa ido. Kafin kwance wani abu a cire kan negetif na batir. Wayoyi da soket masu launin rawaya a wajen akwatin fasinja galibi na jakar iskar kariya ne, ba a tsikarar su da fitilar gwaji. Rezista kuma in an zaro ta daga hanyar iska aka kunna fanka, cikin daƙiƙu take yin zafin da zai ƙona yatsa ko ya yanke fis ɗin jikinta, sabuwa ma sai ta mutu a hannunka.

Malam Edita, mun saba ɗora wa masu gyara laifin canje-canjen kaya ba dalili, kuma akwai masu yin hakan. Amma mu masu motoci muna da namu kason. Mukan zo da hukunci a bakinmu, kamar yadda na je wa Baba, mu ce abu kaza za a sauya. In mai gyara ya ɗauki rabin awa yana awo ya gano noti mai tsatsa, sai mu ga kamar bai yi aikin da ya cancanci lada ba, tunda ba mu ga sabon kaya a kwali ba. Wanda ya cire ya sa, ya cire ya sa, shi muke gani ya sha wahala. Da hannunmu muke koya musu cewa awo ba ya kawo abinci, sannan mu dawo muna kuka.

Rezista ta uku tana nan a motata, sanyi biyu ke nan ta wuce. Duk bayan 'yan makonni nakan ɗaga bonet in kwashe ganyen da ke taruwa a ƙasan waifa, inda fankar ke shaƙar iska, na kuma sa 'yar raga a bakin ramin saboda ɓera. Wanda motarsa ke da matatar iskar cikin mota ya riƙa duba ta, don in ta toshe ita ma tana hana rezista iska. Tawa ta girmi wannan zamanin, ba ta da ita. Matattun biyun kuwa suna cikin akwatin kayan aikina, in wani ya zo yana cewa a sauya masa rezista, su nake fara miƙa masa.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai tsohuwar mota, mai karanta ku a kullum.